Ku Tambayi Anti: Kalar tsohon bango a jikin sabuwar riga

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar yadin nan da kalarsa ke farawa da duhu ta dinga washewa har ta koma haske, wato ombire, da kuma yayin ɗauko kala daga jikin tsofaffin gine-gine. Na haɗe masu kama da juna, na kuma rage tsawon wasu don wasunku in suka fara rubutu ba sa gajiya.

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce ina koyon zanen kaya, malamarmu ta ba mu aiki wai mu je mu kalli tsofaffin gine-gine mu samo dabarar haɗa kala. Wallahi Anti na je na tsaya gaban wani tsohon gida ban ga komai ba sai datti da tsagewa da fenti duk ya ɓare, har mutane suka fara kallona. Wai me ake so in gani ne? — Ɗaliba mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ba ni dariya, amma malamarku ba wahalar da ku take son yi ba. Ke kin je kina kallon gida ne gaba ɗaya, alhali bango aka aike ki ki gani, bangon ma ɗan wani yanki da bai fi faɗin mayafinki ba.

Matso kusa. A ce bango ne da aka yi wa fenti ruwan ɗorawa shekaru da yawa da suka wuce. Can sama ƙarƙashin rufi inda rana ba ta dukansa sosai kalar tana nan da ƙarfinta, kina saukowa tana koɗewa tana koɗewa har ta kusa komawa ruwan madara a tsakiya, don nan rana ta fi ci. Sai ki duba ƙarƙashin indararo, akwai wani baƙi-baƙin layi da ya gangaro, daga sama mai kauri, yana yin ƙasa yana sirancewa har ya ɓace, wannan aikin ruwan sama ne da ƙura. Ƙarƙashin ƙarfen taga kuma tsatsa ce ta zubo, ja-ja mai duhu a bakin ƙarfen, can ƙasa ta koma ruwan zuma. Daga gwiwarki zuwa gindin bangon ya yi duhu saboda danshin da yake sha daga ƙasa, kuma daidai inda danshin ya tsaya sau da yawa akwai wani farin layi mai gari-gari, gishirin da ke cikin ginin ne ruwa ya fito da shi, ruwan ya bushe ya bar shi a nan. In kin yi sa'a akwai inda fentin ya ɓamɓare tsohon shuɗin da ke ƙarƙashi ya leƙo, ƙarƙashinsa kuma tokar siminti. To ƙirga ki gani kala nawa ke nan, kuma duk cikinsu ba wadda ke faɗa da 'yar'uwarta.

Dalilin da ba sa faɗa shi ne rana ɗaya da ƙura ɗaya suka sha tsawon shekaru, kowace ta ɗebi ɗan toka-toka da ƙasa-ƙasa a jikinta. Ranar da aka yi fentin nan, da kin ajiye ɗorawar kusa da shuɗin da ido bai iya kallonsu ba, yanzu kuwa sun lafa. Ba fenti kaɗai ba. Mutum-mutumin nan na 'Yanci da ke Niyu Yok, wanda Faransa ta ba Amurka aka ƙaddamar da shi a 1886, da tagulla aka lulluɓe shi, kalarsa ta farko ruwan ƙasa ce mai ja-ja. Iska da danshi suka yi ta aiki a kansa, zuwa 1906 duk ya koma kore, har hukuma ta ware kuɗi a yi masa fenti mutane suka ce ba su yarda ba, daga baya ma aka gane koren nan shi ke kare tagullar. Yau duk wanda ya tuna shi da wannan koren mai sanyi yake tuna shi, kuma je ki haɗa irin wannan koren da ruwan ƙasa a jikin kaya ki ga yadda suke zama, ai daga jiki ɗaya suka fito.

Sai kuma abin da ɗalibai suka fi mantawa, kuma a wajena ya fi zaɓen kalar muhimmanci: yawan kowace kala. A bangon nan koɗaɗɗiyar ɗorawa ita ta cinye kusan ko'ina, duhun gindi ya ɗauki ɗan rabonsa, tsatsa 'yar siririya ce, shuɗin kuwa bai fi tafin hannu ba. In kika ɗebo kalolin nan huɗu kika raba su daidai wa daida a jikin riga, wallahi ba za ta yi kama da bangon ba ko kaɗan, za ta fito wani iri kawai ki rasa me ya faru. Amma ki yi doguwar riga mai koɗaɗɗiyar ɗorawa, gindinta ya tafi duhu a hankali, ki sa siririn zare ruwan tsatsa a bakin hannu, maɓalli ko jaka ta zama shuɗiya, shi ke nan kin kwaso bangon.

In za ki koma, yanki farar takarda ki huda taga mai kusurwa huɗu a tsakiya, ki dinga ɗora ta a bango kina kallon abin da ya faɗo ciki kawai. Ki je da safe ko da yamma, hasken tsakar rana wanke kala yake yi. Ki ɗauki hoto amma kar ki yarda da waya ɗari bisa ɗari, kyamarar waya gyara kala take yi da kanta, shi ya sa nake son ki tafi da guntayen ƙyallaye a jaka ki dinga kara su da bangon. Manhajoji irin su Adobe Color da Canva suna iya ciro miki kaloli daga hoto, suna taimakawa, sai dai ba za su gaya miki dalilin da duhu ya taru a nan haske ya taru a can ba, wannan ke za ki rubuta a gefen zanenki, kuma ina kyautata zaton shi malamarku ke jira.

Anti barka da aiki. Wannan ombiren da ya cika ko'ina yanzu, sabon yayi ne da zai wuce nan da 'yan watanni ko kuwa abu ne da zan iya ɗinkawa in daɗe ina sawa? Ni ba na son in ɗinka abu baɗi ya zama abin kunya. — Hajiya mai lissafi

Hajiya ina gaisuwa. Sabo kam ba sabo ba ne. Tun wajajen 1840 matan Turai suke sa riguna na yadin da aka buga wa kala mai sirkewa haka, a Jafan kuma sun daɗe da nasu salon da suke kira bokashi, suna yi a jikin kimono, rigarsu ta gargajiya, da kuma zanen da ake bugawa da katako. Prada, kamfanin kayan sawa na Italiya, ta dawo da shi da ƙarfi a kayan hunturun 2007, jakunkuna da takalma masu tashi daga baƙi su faɗa wata kala, bayan nan ya koma kan gashi, ya koma farce. A 2016 Pantone, kamfanin da ke fitar da kalar shekara, ya zaɓi kala biyu a karon farko, ruwan hoda mai sanyi da shuɗi mai haske, aka dinga nuna su ɗaya na narkewa cikin ɗaya, kuma a shekarar ce dai Instagram ta canja tambarinta zuwa wannan mai tashi daga shunayya zuwa ruwan goro da ɗorawa. Kin ga ke nan abu ne mai tafiya ya dawo.

Abin da ke wucewa shi ne nau'in kalar. Wanda ya tashi daga shuɗi ya faɗa hoda ya faɗa ɗorawa duk a riga ɗaya, kowace kala tana ihu, wannan kam yana da shekararsa, in ta wuce duk wanda ya gan ki zai san lokacin da kika ɗinka. Wanda kuwa ya zauna a gida ɗaya, misali daga ruwan makuba zuwa ruwan ƙasa mai haske, ko daga shuɗi mai duhu zuwa shuɗin sama, ko baƙi zuwa toka, wannan ba ruwansa da shekara.

Kuma in kina gaban yadi biyu, ja da baya kaɗan ki kalle su. Akwai wanda kalarsa ke sauka sumul kamar an auna da ma'auni, ko'ina daidai, wannan na kwamfuta ne aka buga, ba laifi gare shi amma ido na saurin ƙoshi da shi. Akwai kuma wanda za ki ga kalar ta ɗan tsaya a wani wuri, ta yi sauri a wani, bakin ba a miƙe yake ba. Ni dai shi nake ɗauka, don kuwa haka canjin kala yake a jikin bango da dutse da tsohuwar ƙofa, kuma ido ya saba da shi tun kafin a yi yayin.

Salam Anti. Ni tela ne. Wata kwastoma ta kawo min irin wannan yadin, na yanka na haɗa, sai ga gaba da baya kalar ba ta haɗu ba a gefe, hannu ɗaya ma ya fi ɗaya duhu. Ta yi fushi sosai. Ina kuskuren yake? — Mai keke

Sannu Malam, Allah ya huci zuciyarta. Wannan yadin ba a yanka shi yadda ka saba, inda za ka juya wannan sama wancan ƙasa don ka tsimi ƙyalle. Shi hanya ɗaya yake bi.

Kafin almakashi ya taɓa shi, shimfiɗa shi duka ka duba ta ina kalar ke tafiya. Yawancinsu daga wannan baki zuwa wancan bakin take tafiya, wato ta faɗin yadin, don haka in ana son duhu a ƙasa haske a sama dole ka kwantar da rigar a kan faɗi, kuma tsawon rigar ba zai wuce faɗin yadin ba. In mai inci 45 ne aka kawo maka kuma doguwar riga har ƙasa ake so wa doguwar mace, faɗa mata gaskiya tun a lokacin, ko ta nemo mai inci 60 ko a yi dabarar ƙari a sama. Gaba da baya su fara daga layi ɗaya na yadin, ka ja alli a kan inda ƙugu zai faɗo ka tabbatar duk su biyun a kan layin suke. Hannu kuma ka yanka su a jere gefe da gefe, kar ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, sannan ka daidaita kalar hannun da kalar jiki a wajen hammata, in ba haka ba mai rigar na sauke hannunta za a ga kamar daga wata riga aka ciro shi. Saboda duk wannan yadin yana ci fiye da yadda ka saba, ka gaya wa kwastoma ta ƙaro tun daga farko.

Wani abin kuma, in rigar ta yi tsawo kar ka rage ta ƙasa. Duhun nan na gindi shi ne nauyin rigar, kana datse shi ka kashe ta, daga sama ake daidaita tsawo tun wajen yanka. Zare ma kar ka ɗauki ɗaya ka bi da shi tun daga wuya har kalmasa a inda ɗinki zai fito fili, canja shi ko sau biyu ne, kuma in kana shakka tsakanin zare biyu ɗauki wanda ya ɗan fi yadin duhu, ya fi ɓuya.

Shawarata ta ƙarshe gare ka, rage yanke-yanke. Yadin ya riga ya yi ado da kansa. Kana tsinka shi a ƙugu, ka sa tattara a nan ka sa dutse a can, kalar ba za ta samu filin gangarowa ba. Ita kuma wadda ta yi fushi, in da ragowar ƙyalle sake yanka mata hannuwan kawai, sau da yawa su ne suka fi tona asiri.

Anti ni gajeriya ce kuma ina da jiki. Duhun ya kamata ya zauna a sama ko a ƙasa? — Ƙanwarki

Ƙanwata, ido haske yake fara bi. Duk inda kika sa haske nan za a fara kallo, duk inda kika sa duhu nan zai ɗan ja baya. Shi ya sa duhu a ƙasa haske wajen fuska ya fi karɓar yawancin mutane, yana jan ido daga ƙasa zuwa sama sai ki ƙara tsawo. In kuma ta sama kika fi cika, juya shi ba laifi. Abin da za ki kiyaye kawai shi ne wurin da kalar ta fi saurin canjawa kar ya faɗo daidai inda kika fi faɗi, don nan zai zama kamar an ja layi. Ki kara yadin a jikinki gaban madubi, ki ɗaga ki sauke har ki ga inda ya zauna, sai ki nuna wa tela.

Kalar da za ta zo kusa da fuska kuma ki gwada ta da fuskar taki, kar ki zaɓe ta a kan tebur. Wani masani ɗan Faransa, Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Faris, an yi ta kawo masa ƙorafi wai baƙin zarensu ba ya baƙi sosai, da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, kalolin da ake ajiyewa kusa da shi ne ke canja yadda ido ke ganinsa, ya fitar da bayanin a 1839. Haka toka ko koɗaɗɗen kore zai iya haska fatar wata ya dusashe ta wata.

Anti don Allah zan iya yin wannan rinin da kaina a gida? Ina da farar riga da na gaji da ita. Kuma na ga wani bidiyo ana rina kaya da tsatsar ƙarfe, gaskiya ne? — Maman yara

Za ki iya mana, Maman yara, amma fara duba takardar da ke wuyan rigar. In auduga ce ko lilin ko siliki, bismillah. In foliyesta ce, irin mai santsin roba ɗin nan, rinin auduga ba ya kama ta, za ki ɓata lokaci ne kawai. Ko rigar auduga ce ma sau da yawa da zaren foliyesta aka ɗinka ta, sai riga ta rinu ɗinkin ya fito fari tas, ki san da wannan tun yanzu kar ki zo kina salati.

Wanke rigar tukuna, kuma ki sa ta a rinin tana jiƙe. Busasshen yadi yana shan rini ya bar layi mai kaifi, jiƙaƙƙe kuwa yana barin kalar ta ɗan hau sama da kanta ta narke, wanda shi muke nema. Sa safar hannu, nemi bokitin da ba na kicin ba, haɗa rinin yadda aka rubuta a jikin kwalinsa, in ya ce gishiri ko sodar wanki ki sa, su ke taimaka masa ya kama. Rataye rigar a hanga ko sanda, ki tsoma ta har zuwa inda kike so kalar ta ƙare, ki fito da ita nan da nan, wannan shi ne mafi haske. Sai ki sake tsomawa amma ki tsaya ƙasa da wancan, ta ɗan jima, ki ƙara ɗagawa, ta ƙara jimawa, haka haka har ya zama gindin ne kawai a ciki, shi zai fi kowa daɗewa. Duk tsawon lokacin nan kar hannunki ya tsaya cak, ki dinga ɗan ɗaga ta kina saukewa, minti biyu kika bar ta wuri ɗaya kika tafi amsa waya kin dawo kin tarar da layi. In za ki ɗauraye, haske a sama duhu a ƙasa, ruwan ya gangara ta wajen duhun, haka ma wajen shanya. Kuma jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu, in kin ga kamar ya yi daidai a bokiti to zai bushe ya ɗan fi haka haske.

In rinin baba ne, shi nasa daban. Daɗewa a ciki ba shi ke kawo duhu ba, yawan tsomawa ne, yadin yana fitowa kore-kore iska ta buge shi ya juye shuɗi a gabanki, sai ki sake tsomawa.

In kala biyu kike so, ɗauki maƙwabta, kamar ɗorawa da ruwan goro, ko shuɗi da shunayya. Ja da kore in suka gamu a tsakiya wata ƙazamar ruwan ƙasa suke haifarwa.

Maganar tsatsa kuma gaskiya ce. Ana jiƙa yadi da binega a naɗe tsofaffin ƙusoshi ko guntayen ƙarfe a ciki a bar shi, tsatsar ta kama. Har a manyan masu zanen kaya an yi, Hussein Chalayan da zai gama karatu a makarantar zane ta Central Saint Martins a Landan a 1993, binne kayan da ya ɗinka ya yi a ƙasa tare da garin ƙarfe, ya tono su duk sun yi tsatsa-tsatsa, kantin Browns ya saye su gaba ɗaya, daga nan sunansa ya fita. Sai dai ƙarfe yana cin zare a hankali, wurin da tsatsar ta fi yawa shi zai fara yagewa. Don haka ki yi a gyale ko abin ratayewa a bango, kar ki yi a rigar da za ta dinga shiga wanki kowane mako. In kalar kawai kike so, rini ruwan tsatsa yana nan.

Anti ni fa ban gane ba. Na sa wata riga mai irin wannan koɗaɗɗiyar kalar, mahaifiyata ta kalle ni ta ce wai ko tsohuwa na saya. Ta ce mutum da kuɗinsa ya sayi abin da ya koɗe? Kuma da na duba madubi sai na ga kamar tana da gaskiya. — 'Yarki

'Yata, ki gaida Mama, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ba tunda ban ga rigar ba. Koɗaɗɗiyar kala tana da sharaɗi: duk sauran abin da ke jikinki sai ya nuna da gangan kika yi. Yadin ya zama mai nauyi da kyau, ɗinkin ya zauna, wuya da bakin hannu su fita tsaf, a goge ta, takalmi da jaka su zama masu tsabta. In kala ta koɗe, yadin ya yi laƙwas, kalmasa ta karkace, mayafin ma wani koɗaɗɗe, to ai ba wanda zai tsaya tambayar ko yayi ne. Abu ɗaya mai kamar ya tsufa ya isa a shiga ɗaya.

Masu gini ma haka suke yi. Akwai wani ƙarfe da ake kira Corten da aka fito da shi a Amurka tun shekarun 1930, da gangan ake barin sa ya yi tsatsa don tsatsar saman ita ke kare na ciki, da shi aka yi ƙaton mutum-mutumin nan mai fukafukai da ke arewacin Ingila a 1998. In kika ga ginin da aka yi da shi za ki lura gefunansa a miƙe suke, gilashinsa na sheƙi, shi ya sa ba wanda ke ɗaukarsa kango.

Tambayar Mama kuwa ba ita ta fara yin ta ba. Wandon jins ma asalinsa da kansa yake koɗewa, don shuɗin a bayan zare kawai yake zama, cikin zaren kuwa fari ne, yana gogewa farin na fitowa a gwiwa da cinya da bakin aljihu, daidai yadda mai shi ke zama da tafiya. Da mutane suka nuna suna son sa a koɗe tun yana sabo, sai masana'antu suka shiga wanke shi da duwatsu, wasu kuma suna feshe shi da yashi, ƙurar yashin nan ta lalata huhun ma'aikata da yawa har wasu suka rasu, Turkiyya ta hana a 2009, Levi's da H&M, kamfanonin tufafi, suka sanar sun daina a 2010. Shi ya sa ni nake raba abu biyu, kala mai sanyi da aka rina da kyau daban, yadin da aka wahalar aka yayyage don ya yi kama da tsoho daban. Na farkon nake ba ki shawara, na biyun kam ina bayan Mama.

Inda nake zaune duk sababbin gine-gine ne, gilashi da tayil, ba wani tsohon bango. Ya zan yi? — Wani mai sha'awar zane

Ɗan'uwa ba sai gini ba. Tsohuwar ƙofar ƙarfe, kwantena, tankin ruwa, kwanon rufi, jikin motar da aka daɗe da jingine ta, duk aiki ɗaya rana da ruwa suke yi musu. In hotuna kake so, nemi na Benis a Italiya inda ruwa ya ci filastar gindin gidaje jan bulo ya fito, da tsohon garin Habana a Kyuba da iskar teku ta koɗar da fentinsa, da Jaifur a Indiya da aka shafe da ruwan hoda a 1876 don tarbar Yariman Ingila, da Petra a Jodan inda dutsen kansa yake da layi-layi na ja da hoda da shunayya. Amma in ka samu kango na gaske ka tsaya daga waje, bangon da ya sha ruwa ba ya sallama kafin ya faɗo, kuma in gidan mutane ne ka nemi izini kafin ka ɗaga waya.

Anti na wanke rigata ombire sau ɗaya, duhun ƙasa ya hau farin sama. Akwai gyara? — Amina ba sunana ba

Kash, sannu. In bai daɗe ba kuma ba ki goge ta ba, sake wanke ta yanzu da ruwan sanyi mai yawa, kina canja ruwan har ya daina fita da kala, sau da yawa yana raguwa sosai. Kar ki kai mata bilic, zai cinye duhun ma ya bar miki dabbare-dabbare. In ya ƙi fita, mai rini zai iya mayar da farin saman wata kala mai haske daga gidan duhun, sai tabon ya shige ciki. Nan gaba kar ki jiƙa ta ki bar ta a bokiti, kar ki murɗe ta duhu da haske a haɗe, ki wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi, ki juya cikinta waje, ki shanya a inuwa gindin yana kallon ƙasa.